Jatau da Hannun Babansa

A ƙauyen Tungar Marke an yi wani gida mai mutum uku: Malam Mati, da matarsa Tasalla, da ɗansu tilo, Jatau. Dukiyarsu kaf gona ce ɗaya a bayan gari, ita ma ta gandu ce, tun rasuwar kakan Jatau ba a raba ta ba. Ƙanen Malam Mati, wanda Jatau ke kira Baffa Lado, ya daɗe da sa mata ido. Jatau kuwa ba mugu ba ne, ba kuma rago ba. Ciwonsa ɗaya ne: abin da ka ce shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Yanzu da furfura ta fito masa, shi da kansa ke ba da labaran nan yana dariya har da hawaye, amma a lokacin babu mai dariya a gidansu.

Wata rana, yana ɗan shekara goma, uban ya ce masa, "Jatau, in ka ga babba ka tsuguna ka gaishe shi. Kada ka tashi sai ya amsa." Washegari aka yi gayya a gonarsu, Tasalla ta aza masa ƙwaryar fura ya kai wa masu noma. A hanya ya gamu da wani tsoho wanda duk gari an san ba ya ji ko da tsawa ce. Jatau ya tsuguna ya ce, "Baba, ina kwana?" Tsoho ya wuce abinsa yana dogara sanda. Sai la'asar uwar ta same shi a nan, ƙwarya a ka, fura ta yi tsami, masu gayya sun watse da yunwa. Ta ce, "Me ya zaunar da kai a nan?" Ya ce, "Inna, bai amsa ba tukuna." An yi shekara ana yi wa gidan gorin wannan gayya.

Wata rana kuma, ya zama saurayi, gero ya tsiro ya yi cunkus a ramuka, uban ya ce, "Je ka rage shuka. A kowane gindi ka bar uku masu ƙarfi, ka cire saura." Jatau ya wuni yana aiki bil haƙƙi. Da yamma Malam Mati ya zo ya tarar da uku-uku reras, sai dai rabinsu ciyawa ce, domin ita ta fi geron ƙarfi. Bai dake shi ba. Zama ya yi a kan kunyar gona ya dafe kai. Baffa Lado, da ke tsaye a iyaka, ya ce, "Yaya, wannan za ka bar wa gonar ubanmu? Ranar da ba ka, ni zan karɓe ta." Jatau ya ji maganar, ta kuma yi masa ciwo, don wawa ma yana da zuciya.

Wata rana da bazara ciwo ya kwantar da Malam Mati. Ya kira ɗansa ya ce, "Ruwan fari mayaudari ne. Kada ka zuba iri sai ka tona ƙasa ka ga laima ta kai nan." Ya miƙa dogon hannunsa ya taɓa gwiwar hannun. Bai ga daminar ba.

Da ruwan fari ya sauka, gari ya fita shuka kwansu da kwarkwata. Jatau ya tona rami ya zura hannu, laima ta kai gwiwar hannunsa har ta ɗan gota, don shi gajere ne. Sai ya ɗauki ƙwaryar iri ya komo gida. Tasalla ta ce, "Ɗan nan, so kake a raba mu da gonar? Ba ka ce laima ta kai ba?" Ya ce, "A nawa ta kai, Inna. Baba a nasa ya nuna. Nasa kuwa mun binne shi." Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai kuka ya ƙwace mata.

Baffa Lado bai yi wata-wata ba ya tafi wurin mai unguwa. Aka yanke cewa in lokacin noman fari ya yi gonar tana kwance, tasa ce. Yara suka riƙa bin Jatau suna tambayarsa ko ya samo hannun. Sai sama ta ɗauke. Kwana ashirin da biyar ba ko ɗigo, shukar gari ta ƙone ƙurmus, kuma da yake bara ba a samu albarka ba, babu wanda ya rage iri. A duk Tungar Marke, a rumbun Tasalla kaɗai geron iri ya saura.

Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Jatau ya je masallaci da azahar, ya tarar Baffa Lado na alwala, ya naɗe hannun riga yana wanke hannu zuwa gwiwa. Jatau ya tsaya cak. Tsawon hannun ɗaya ne da na babansa, har jijiyoyin. Ya jira aka sallame, sannan ya ce, "Baffa, don Allah ara mini hannunka. Irin na Baba ne."

Mutane suka biyo su don su sha dariya. Baffa Lado ya durƙusa a gonar da yake nema, ya zura hannu cikin ramin da Jatau ya tona, sanyin ƙasa ya rufe gwiwar hannun. Ya daɗe a durƙushe, kansa a ƙasa. Da ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Ta kai, Jatau. Yi shukarka, gonarka ce."

Jatau ya miƙa masa sungumi ya ce, "To Baffa, shuka ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Da Baba ke sara, ni ina binsa da iri."

Baffa Lado ya karɓa, ya shiga gaba.