Yadda Za Ka Haɗa Batirin Sola Don Hunturun Kuala Lumpur

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan, na yi maka alkawari surukinka zai yarda kana ƙasar ƙanƙara, ko da kana narkewa a unguwar Wangsa Maju. Na gwada su a kan abokin ɗakina Zahraddeen lokacin kullen korona, kuma yana nan da rai.

Mataki na ɗaya: Ka fara da ƙarya. Da Zahraddeen yake neman auren Kamila, ya ji abokin takararsa a Rasha yake karatu. Sai ya ce wa babanta, Alhaji Yahuza, ai sanyin Maleshiya ya fi na can. Kulle ya hana shi komawa Kano, aka shirya ɗaura aure ta wakili. Kwatsam Alhaji ya ce kafin ranar yana so ya ga sanyin nan da idonsa a bidiyo. To, aure ne a kan layi, ka daina dariya.

Mataki na biyu: Nemo karaban. Wato mota mai ɗaki a ciki. A gida ba zai yiwu ba, yaran ɗaki suna yawo da singileti. Mai shagon abinci na ƙasanmu yana da wata tsohuwa a bayan gini, kyanwoyi ke haya a ciki. Ka roƙe shi. Zai dube ka ya ce, "Boleh lah," ma'ana ka je, kai ka sani.

Mataki na uku: Yi cajin batirin. Ɗora faifan sola a rufi. Ruwan sama zai sauko da zarar ka gama, wannan ba laifin kimiyya ba ne.

Mataki na huɗu: Jona waya. Ja da ja, baƙa da baƙa. In ka ga tartsatsi, batirin yana gaishe ka ne. Ɗan fis ɗin hana gobara da ya rage a hannunka kuwa, jefa shi aljihu, masana sun tabbatar ado ne. Sannan ka jona ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki.

Mataki na biyar: Yi biyayya ga Bature. Wani mutumin Kanada ya ce a bidiyo a lulluɓe batiri da bargo saboda sanyi. Zahraddeen ya lulluɓe nasa da biyu. Na ce, "Malam, a garin nan fa ƙwai yana dahuwa a aljihu." Ya ce, "Kai ka fi Bature sanin hunturu?" Na ƙyale shi, don gaskiya ban fi shi ba.

Mataki na shida: Kira suruki. Sa rigar sanyi, hular sanyi da safar hannu, ka rufe tagogi. Ka tuna asubar Kano ita ce tsakar ranarmu. Haka Zahraddeen ya yi, ya kira Alhaji.

"Baba, barka da asuba. Kai, yau sanyi kamar zai kashe mu!"

Nan take batirin ya yi wani gurnani, na'ura ta mutu, bargo ya fara hayaƙi. Gumi ya karyo wa Zahraddeen, ƙaurin waya ya sarƙe shi, ya kama tari babu ƙaƙƙautawa.

Alhaji ya matso da fuskarsa. "Ɗana, kana gumi, kana jin sanyi, kana tari, kuma an ware ka kai kaɗai a mota? Innalillahi! Hajiya, zo, ta kama yaron nan!"

"Baba, wallahi batiri ne..."

"Kin ji ko, har ya fara sambatu."

Alhaji ya janye wayar nesa da hancinsa, ya sa takunkumi daga Kano. Kafin azahar an sanar a masallacin unguwa, an ɗaga ɗaurin aure sai ango ya warke. Wallahi na tausaya masa. In ya ce lafiyarsa lau, sai ya bayyana gumin, in ya bayyana gumin kuma hunturu ya tashi. Haka ya zauna yana jinyar ciwon da ba shi da shi, Kamila tana turo masa yadda ake dafa citta da lemon tsami.

Gargaɗi: Marubuci ba shi da hannu a gobara, ɗage aure ko korar kyanwoyi. In ɗan Rasha ya riga ka, kada ka neme ni. Bargon da ya ƙone ma nawa ne.