Ranar da Na Yi wa Abokiyar Takarata Kamfe

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na miƙe a gaban ɗaki cike da mutane, na karɓi makirfo da hannuna, na kayar da kaina zaɓe da bakina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Kwalejin horon malamai da na gama, jama'ar yankinmu na Rano da Kibiya ne suka haɗa hannu suka gina ta. Tana da kwamitin amintattu da ke lura da ita, kuma a cikin kujerun kwamitin akwai guda da aka ware wa tsofaffin ɗalibai. Dattijon da ya daɗe a kanta ya ce ya gaji, a nemi wani, sai ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta sa ranar zaɓe. Tun da na ji labarin nan na kasa zaune na kasa tsaye. Duk wanda ya tambaye ni me nake nema da kujerar sai in ce so nake a gyara ɗakin karatu. (Ina son hakan kam, amma tsakanina da Allah abin da ya fi cin raina shi ne in ga takarda mai sunana manne a kujerar sahun gaba ranar yaye ɗalibai, wurin da ake ajiye lemo mai sanyi.)

Wata biyu cur ina kan babur. Ba suna, ba ɗaurin aure, ba ta'aziyyar da ta wuce ni daga Madachi har Kibiya, muddin akwai tsohon ɗalibi a gidan. Abokina Sabo, wanda muka yi aji ɗaya, yanzu yake gyaran waya a kasuwar Rano, shi ya naɗa kansa daraktan kamfe. Abokiyar takarata kuwa Hajiya Hajara ce, shugabar wata firamare a Kibiya, wadda ta riga ni gama kwalejin da kusan shekara goma. Ba ta buga fosta ba, ba ta zaga ko'ina ba. Sabo ya ce, "Ai wannan mun cinye, mutumina. Ka fara ɗinkin babbar riga kawai." Ni kuma na fara.

Ana jibi zaɓe na tafi Kahu neman albarka wurin Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, wanda ya shekara ashirin yana shugabancin ƙungiyar manoman garin. Na same shi a inuwa yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Bayan mun gaisa ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan nan, na ga hotonka har a bangon injin niƙa," in ji shi. "Wannan rawar kai ce. Mutanenmu ba sa son mai zalama. Ranar zaɓe in an kira ka, ka miƙe ka ce kai ba ka isa ba, akwai manya. Za su ce sai kai. Ka sake ƙi, su sake matsa maka. A na uku ka karɓa, kanka a sunkuye. Ni haka nake yi duk shekara, kuma ban taɓa faɗuwa ba."

Na dawo gida ina jin an ba ni laƙanin siyasa. Na kira Sabo na tsara masa komai: da zarar na ce ban isa ba, shi da mutanenmu su ɗauki "Sai kai!" har ɗakin ya amsa. Matata Rabi, wadda ita ma a kwalejin ta gama (can ma na gano ta), tana jin mu daga kicin. Ta leƙo ta ce, "Malam, da dai ka karanta manufofinka ka zauna." Na ce mata ita ba ta san siyasa ba.

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika maƙil. Har adaidaita sahu na ɗauka ta kwaso min 'yan Madachi. Malam Ɗanjuma, tsohon magatakardar kwalejin, mutumin da ba ya wasa da ƙa'ida, shi ne alƙalin zaɓe. Ya ce kowane ɗan takara zai yi magana ta minti biyar, daga nan kowa ya bi layin wanda yake so a ƙirga. Hajiya Hajara ta fara. Ta yi maganar ruwan sha a ɗakunan kwanan ɗalibai da ƙarancin littattafai, ko minti uku ba ta cika ba ta koma ta zauna.

Aka kira ni. Na hau dandamali ina gyara babbar riga, na yi sallama, na sassauta murya na ce, "Jama'a, ina ni ina wannan kujera, alhali ga Hajiya zaune? Ni ban isa ba."

Da a nan na tsaya, da wataƙila an rufa min asiri. To amma makirfo yana da wani irin daɗi, wanda bai taɓa riƙe shi ba ba zai gane ba. Na ga ɗakin ya yi tsit ana saurarona, sai na ce bari in ƙara gishiri. Na tuna musu rabin malaman Kibiya ta hannun Hajiya suka bi. Na tuna musu shekarar da iska ta yaye rufin ajinta, ta kwashe yara ta koma ƙarƙashin tsamiya, ba a fasa karatu ko na kwana ɗaya ba. Na ce ruwa ba sa'an kwando ba ne. Na ce wallahi ni ko jakarta ban isa in riƙe ba. Har wani dattijo na hango a sahu na biyu yana share ƙwalla da bakin rawani, na ce a raina aiki yana kyau.

Na ja numfashi, na sunkuyar da kai kamar yadda Kawu ya koya min, na kasa kunne ina jiran "Sai kai!"

Abin da ya zo kabbara ce da tafi. Wani ya ce, "Ɗan halak!" Wata daga ɓangaren mata ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam!" Na ɗago da sauri na nemi Sabo. Ga shi nan dab da dandamali a tsaye, ya fi kowa tafi, ido ya yi ja. Jawabin nawa ya ratsa shi har ya manta aikin da ya kawo shi.

Malam Ɗanjuma ya miƙe fuska a sake ya ce, "Alhamdulillahi, an yi maslaha. Sakatare, rubuta, ɗan takara na biyu ya janye."

Wata biyu na yawo, ga kujera tana tafiya ina kallo. Na duƙa wajen Sabo na yi ƙasa da murya na ce, "Kai Sabo, tafin me kake yi? Ku ce sai ni mana, ba haka muka shirya ba?"

Na manta makirfo yana hannuna, kuma dab da bakina. Lasifikan ɗakin suka kwashe maganar tas suka watsa, har masu sayar da rake a bakin ƙofa sai da suka waiwayo. Tafi ya ɗauke ɗif. Cikin shirun nan ne Sabo, bawan Allah mai riƙon amana, ya ɗaga hannu shi kaɗai ya ce da 'yar siririyar murya, "Sai kai."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani har da faɗowa daga benci. Malam Ɗanjuma da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba ya cire tabarau yana goge ido. Ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja babbar rigar in rufe ramin.

Hajiya Hajara ce ta kawo ɗauki, ko da yake ɗaukin ya fi faɗuwar ciwo. Ta ce, "Malam Ɗanjuma, kada a tauye wa ƙanina hakkinsa. Tunda yana so, a yi layi."

Aka yi layi. Da na waiga bayana, mutum uku na gani: Sabo, hula a kan fuska, da 'yan Madachi biyu waɗanda na tabbata tunanin abin hawan komawa gida ne ya tsayar da su. Layin Hajiya kuwa sai da ya fita ta ƙofa ya lanƙwasa. Ta huɗu a cikinsa Rabi ce, matata, ko kallon inda nake ba ta yi. Da muka koma gida na tambaye ta dalili cikin fushi. Ta ce, "Kai ka ce ta fi ka, kuma duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Tunda muke ban taɓa jin ka yi jawabi mai daɗin wannan ba."

Sai da na yi mako ina zagaye kasuwa ta bayan gari, don ko'ina na gilma sai wani ya ɗaga murya, "Malam, sai ni mana!" Daga baya na koma Kahu na zayyane wa Kawu Ilu yadda aka yi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Tsaya, ita Hajiyar tana son kujerar?"

Na ce, "Sosai ma, Kawu."

Ya ce, "Af! To ai ba ka gaya min akwai mai so ba. Mu tamu kujerar ba mai sonta, ba komai a cikinta sai shan zagi lokacin rabon taki. Ni da gaske nake ƙi duk shekara, su ne ba sa bari in sauka."

A nan na gane cewa kawaici ado ne, amma sai a kan abin da ba kowa ke rububinsa ba. Yanzu ko tuwo aka yi min tayi, ba na cewa na ƙoshi sai na waiga na tabbatar babu mai jiran kwanon.