Hotona a Bangon Mujallar Kwamfuta

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da walimar auren Habibu ba, don mutanen unguwarmu ta Utaiƙa ba za su bar ni in manta ba.

Ni direba ne, a aji huɗun firamare na tsaya. Shekarun baya na yi tuƙi a ofishin wata mujallar kwamfuta nan Riyad. Asalinta ta Turawa ce, sai aka buɗe reshen Larabci na yankin nan. Fassara kawai suke yi, su manna faifan CD a bango, ni kuma in loda a mota in bi kantuna. Daga baya mudir, wato shugaban ofishin, ya ce masu saye sun gaji da ganin fuskokin Turawa, a sa mutanen gida. Ranar ɗaukar hoto wanda aka ɗauko haya bai zo ba. Aka ba ni farar jallabiya da gilashin aro, aka ce in ɗora hannu kan linzamin kwamfuta in yi murmushi. (Ko a wuta ba a jona ta ba.)

Mujallar ta yi zamaninta, ta rame, ta koma intanet, ta mutu. Hotona dai bai mutu ba. Na sa shi a firam na rataye a ɗaki. 'Yan'uwa suka fara kirana Muhandis, wato injiniya, ni kuma ban taɓa cewa a'a ba. Wa ke ƙin girma a ƙasar mutane?

To, Habibu ɗalibi ne a jami'a, an ɗaura masa aure a Kano yana nan. Bayan Juma'a muka taru walima, aka jona kwamfuta da lasifika don mahaifiyarsa da ke Kano ta gan shi ta kiran bidiyo cikin babbar riga ta sa masa albarka. Ana cikin gaisawa allon ya yi baƙi ƙirin.

Ɗalibai cike da wurin, kowannensu zai iya gyarawa. Amma tarbiyya ta hana su.

"Baba Muhandis na zaune, wa zai sa hannu?" in ji ango.

Sale, abokina mai tuƙin tankar ruwa, wanda ya san cikina tun muna samari, ya tura ni da gwiwar hannu. "Tashi mana, Muhandis, shinkafar kabsar ba za ta gudu ba."

Na tashi na zauna gaban abin. Na ɗora hannu kan linzami na yi murmushi, don iyakar karatun da aka koya min ke nan. Shiru. Na hura masa iska. Na ɗan bubbuga gefensa yadda nake wa batirin mota. Na leƙa ƙarƙashi (har yau ban san me na je nema ba). Gumi ya jiƙa min hula. Na yafito Sale, na matso da baki dab da kwamfutar don kada yara su ji.

"Sale, rufa min asiri. Wallahi ban san ko ta ina ake kunna ta ba. Hoto kawai aka ɗauke ni."

Ashe allon ne kawai ya ɗauke, kiran yana nan. Sai muryar tsohuwa ta fito ta lasifika, a natse, kowa na ji:

"Allah sarki, bawan Allah. To ɗan matsa mana mu ga ɗanmu, tun ɗazu hancinka muke kallo."

Dariyar matan Kano ta biyo baya, kamar sun cika tsakar gida. Sale ya kwanta a kan kafet. Habibu ya danna wani maɓalli guda, fuskar uwarsa ta bayyana, ta sa masa albarka, ni ma ta sa min, wai don ƙoƙarina.

Na sauke firam ɗin ranar. Sunan ne ya ƙi sauka, har waɗanda da ba sa kirana Muhandis yanzu sun koya. Abin da na ɗauka dai shi ne, duk wanda zai sake ɗaukata hoto, sitiyari zan riƙe.