Basha da Motar da Ba Ta da Maɓalli

Duk wanda ya ce garin Salt ya daina haifar manyan mutane, to bai taɓa haɗuwa da Mamduh Abu Rakan ba. Allah ya yi masa baiwar murya da tumbi da gashin baki, sauran kuma ya bar masa ya nema da kansa, shi kuwa bai ga akwai wani saura ba. Basha ake kiransa. A ƙasar nan janar mai ritaya ake ce wa Basha, alhali Abu Rakan ko faretin 'yan makaranta bai taɓa yi ba, tayil ɗin banɗaki yake sayarwa a bakin kasuwa. Wani mai gahawa ne ya fara kiransa haka don tsokana, sai gogan ya amsa har da tukuici. Tun daga ranar sunan yankansa ya zama zagi a wurinsa. A gaban idonsa Basha ne, in ya juya baya kuma Basha na Makewayi.

Duk da wannan ɗaukaka, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. A danginsu, in za a je neman aure, baffansa Hajji Mifleh ne ke shiga gaba, shi ake ajiye wa kofin gahawar da ba a sha sai an ba da yarinya, shi ke magana da yawun kowa. Tsoho ne ɗan firit mai sanda, wanda jawabinsa bai taɓa wuce shan ruwa ba. A ganin Basha wannan ɓarna ce, a ce ga murya irin tasa tana zaune a sahu na biyu tana cewa amin. Ya daɗe yana jiran tsohon ya gaji ko Allah ya yi ikonsa, amma tsohon kullum sai ƙara lafiya yake.

Da jiran ya ishe shi, sai ya yanke shawarar cewa girma na buƙatar abin hawa. Ya tafi kasuwar motoci ta Zarka ya dawo da wata baƙar mota mai aiki da lantarki, sumul kamar sabulu. Babu maɓalli ko ɗaya a cikinta. Wani allo ne kawai a gaba mai faɗin tiren shayi, komai a cikinsa yake: sanyi, zafi, fitila, madubi, har goge gilashi. Wata muryar mace ce ke magana daga ciki da harshen ƙasar da aka ƙera ta. Basha ba ya jin ko kalma ɗaya, amma in ta yi magana yakan gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka kawo wa rahoto.

Ranar da ya kai ta zauren dangi, sai da ya tsai da kowa a rana.

"Jama'a, zamanin murɗe-murɗe ya wuce," in ji shi, yana shafa bayanta. "Maɓalli na 'yan tasi ne. Wannan tunani take yi. Ido gare ta a gaba, ido a baya, wani idon a ciki yana duban fuskata don ya san halin da nake ciki. Ba kowa take yarda da shi ba, sai mai ƙwaƙwalwa. Mai sayarwa ya miƙo mini littafin koyo, na ce ya ajiye wa masu buƙata."

Hajji Mifleh ya zungure tayar da sandarsa. "Tana da birki?"

"Ita ke taka wa kanta, Baffa."

"Kwana fa?"

"Ita ke yi."

"To kai mene ne aikinka a ciki, ɗan nan?"

Basha ya yi dariyar manya, ya ce tsufa uzuri ne.

Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A makon farko Basha ya shiga allon yana neman sanyi, sai ya kunna abin ɗumama kujerun gaba, a tsakiyar watan Agusta. Ya nemi hanyar kashewa ya rasa. Tambaya kuwa ba ta dace da Basha ba, don haka ya riƙa sauka daga mota da bayan riga sharkaf, yana gaya wa mutane likitocin Turai sun ce gashi na maganin ciwon baya. Matarsa Ummu Rakan ta shiga sau ɗaya, ta ce ita ba kaza ba ce, ta koma hawa tasi.

Sai maganar gaisuwa. Basha ba ya iya cewa sannu da hannu ɗaya. Dole ya ɗaga biyun, ya dafa ƙirji, ya nuna sama. Da ya saki sitiyari sai motar ta kama ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Tun yana saurayi a tsakiyar titi yake tuƙi, farin zanen nan a ƙarƙashin cikinsa, domin babban mutum ba ya raɓewa gefe. Yanzu da ya hau zanen sai sitiyarin ya fizge, ya mai da shi hannunsa kamar ɗan makarantar da aka ja wa kunne. A lungunan Salt kuwa, inda mota ke goga kafaɗa da mai burodi da mai tumatir, motar ta ɗauki kowa a matsayin hatsari. Ta ga kwando, birki. Ta ga inuwar shanya, birki. Goshin Basha ya san gilashin gaba fiye da yadda ya san dardumar salla. Duk da haka in an tambaye shi sai ya ce, "Tana kishina ne. Ba ta son ko ƙuda ya raɓe ni."

Ana nan sai dama ta samu. Lais, ɗan ƙaninsa Nayif, ya daidaita da wata malamar makaranta a garin Madaba, aka sa ranar zuwa neman aure. A daidai lokacin mura ta kama Hajji Mifleh, muryarsa ta dishe. Basha ya yi ta sintiri gida-gida yana jajanta wa dangi, fuska a ɓace, zuciya fari ƙal. Ya tuna musu cewa mutanen Madaba ba su san fuskar kowa ba sai ta ango, kuma ganin farko shi ne gani. Ya matsa, ya matsa, har aka gaji aka ce ya shiga gaba ya yi magana, Hajji ya zauna kusa da shi don albarka. Jawabin da ya shirya ya faro ne daga kakan kakansu, ya ratsa yaƙe-yaƙen da babu wanda ya tuna an yi, ya biyo ta tarihin tayil a ƙasa, kafin ya iso ga yarinya. Ya yi ta bitarsa a gaban madubi har Ummu Rakan ta haddace, tana yi masa gyara daga kicin.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya fito cikin alkyabba mai bakin zinariya, da jan hirami mai tuntaye wanda ya jawo har kan gira, da baƙin igal, igiyar da ke riƙe hiramin, a karkace irin na sarakunan ƙabila, ga baƙin tabarau. Motocin dangi suka jeru a bayansa har ƙarshen unguwa. Aka shigar da Hajji gaba. Nan take motar ta soma kuka, wai sai ya ɗaura bel.

"Ni rago ne da za a ɗaure?" in ji tsohon cikin dishewa. "Kuma wa ya hura wuta a ƙarƙashina?"

Ya buɗe ƙofa ya koma baya ya miƙe ƙafa. Basha bai so ba, don a garin nan namiji ba ya zama a baya sai in direban haya ne ke jansa, amma ƙarar ta fi ƙarfin kunnensa.

Sun gangara daga tsaunin da garin ke kai lafiya, sun kama babban titi. Nan idon cikin motar, wanda Basha ke alfahari da shi, ya nemi idon Basha ya rasa. Hirami ya rufe goshi, tabarau ya rufe saura. Motar ta yi tunaninta na zamani, ta yanke hukunci cewa direbanta barci yake. Hoton kofin gahawa mai tururi ya bayyana a allon, matar nan ta kama faɗa.

Hajji ya leƙo ta tsakanin kujeru. "Ce mata ba ma sha sai an ba mu yarinyar."

Basha bai yi dariya ba. Sitiyari ya soma kakkarwa, bel ya shaƙe masa tumbi, gudu ya ragu. Yana taka totur tana ƙi, har ta raɓa gefen titi da kanta, ta kunna fitilun gaggawa ta tsaya cak. A al'ada babu mai wuce motar jagoran tawaga, don haka duk jerin ya tsaya a bayansa. Masu wucewa suka riƙa rage gudu suna yi musu ta'aziyya ta taga, a zatonsu jana'iza ce.

Nayif ya taho da gudu, gumi na zuba. "Yaya, don girman Allah! Mutane na tsaye suna jiranmu. Lais ya ce fuskarka take son gani, ka cire hiramin nan mu tafi."

Basha ya kumbura. "Nayif, ka san da wa kake magana? Igal ɗin namiji ba ya sauka daga kansa sai ranar kunya. Kakanmu an sare masa doki a ƙarƙashinsa, igal ɗinsa bai motsa ba. Ni ne zan tuɓe wa ƙarfe kai?"

Ya cire tabarau kawai. Ta yi tafiya kaɗan, ta sake tsayawa. Ya ɗage hiramin zuwa tsakiyar goshi. Ta yi 'yar tafiya, ta sake kawo gahawa. A tsayawar da ta biyo baya aka ji wani daga baya yana cewa a sa Hajji a wata motar a wuce. Jin haka Basha ya saduda. Ya duba hagu ya duba dama, ya zare igal da hirami, sanƙon da ko 'ya'yansa sun manta kamanninsa ya fito yana ƙyalli. Ya yi ta lalube a allon har Allah ya sa yatsansa ya faɗa inda ake buɗe aljihun gaban mota, don shi ma ba shi da mariƙi. Ya cusa darajar kakanninsa a ciki ya rufe. Motar ta ga ido biyu da kai tas, ta gamsu, ta kama hanya kamar ba ita ba.

A Madaba an kafa babbar rumfa, mazan gidan amarya sun yi sahu a bakinta tun ɗazu, rana na dukansu. Basha ya tsaya daidai gabansu. Ya fara sauke gilashi don ya yi sallama, sai ya tuna kansa a buɗe yake, ya tsai da shi a faɗin tafin hannu. Hajji bai jira kowa ba, ya buɗe ƙofar baya ya sauka da sandarsa, aka yo kansa da marhabin. Basha ya faɗa wa allon yana neman aljihun. Ya shiga wurin kiɗa, ya fito ta wurin taya, ya naɗe madubai, ya buɗe but. Sai wani saƙo ya tare allon gaba ɗaya da rubutun da ba ya iya karantawa, da zaɓi biyu a ƙasa, babba da ƙarami. Basha bai taɓa zaɓar ƙaramin abu ba a rayuwarsa. Ya danna babban.

Allon ya yi duhu. Ƙofofi suka ce ƙwas, sanyi ya ɗauke, wani siririn layi ya soma rarrafe daga wannan gefe zuwa wancan. Motar ta shiga sabunta ƙwaƙwalwarta, kuma ba ta sauraron kowa sai ta gama.

Nayif ya zo ya nemi mariƙin ƙofa, ya tarar ya shige cikin jikin motar. "Fito mana, Yaya!"

"Tana tunani," in ji Basha ta 'yar kafar, da wata murya da ba tasa ba. "Ku ce su ɗan jira."

Ba a cewa masu gida su jira bayan an riga an shanya su. Nayif ya dubi yayansa, ya dubi ɗansa da ke tsaye kamar zai yi kuka, ya juya ya kama hannun Hajji. Tawaga ta bi bayansu, tana ratsa motar hagu da dama.

Ta wannan kafar Basha ya ji komai, don an sa lasifika. Ya ji an zuba gahawa an ajiye. Ya ji disasshiyar muryar baffansa tana cewa sun zo neman 'yarsu wa ɗansu, yaron kirki ne, in ya ɓata a zo wurin shi Hajji. Shi ke nan jawabin. Ya ji uban yarinya ya ce su sha gahawarsu, an ba su. Aka karanta Fatiha, mata suka rangaɗa guɗa daga saman bene. Basha ya huce a kan motarsa. Ya bugi allon da tafi, ya roƙe shi, ya zagi uwar wanda ya ƙera shi, layin bai fasa rarrafensa ba. Gumi ya jiƙa alkyabbar har ya cire ta ya zauna daga shi sai 'yar ciki.

Can sai ga wani dattijo daga masu gida ya nufo motar da faranti a hannu. Basha ya gyara zama, ya murza gashin baki, ya share murya. Ashe dai akwai mai ido a Madaba.

Dattijon ya karkata farantin kunafa, kayan zaƙin biki, ya zuro ta kafar, har da cokalin roba.

"Karɓi, ɗan'uwa, kai ma ka sa albarka. Mun ga ba ka shigo ba, muka ce direba mai ladabi ke nan, ya san wurinsa." Ya ja da baya yana ƙare wa motar kallo, yana girgiza kai. "Kai, masha Allah. In maigidanka ya fito, ka ce masa Allah ya sanya alheri. Hajji ya iya zaɓen mota."