Samurai Mai Maganin Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mutu a gaban farfesoshi ba, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba.

Gida ɗaya muke haya a unguwar Wangsa Maju ta ƙasar Malesiya da Yaya Nura, likita ne da ya zo karatun binciken gawa. Ni kuwa wayoyi nake sayar wa ɗalibai. Sai aka ba shi jarrabawar baka kan seppuku, wato yadda mayaƙan Japan na da, samurai, suke farke cikinsu idan sun ji kunya. Aikinsa ya nuna yadda likita zai gane ko mutum shi ya yi wa kansa, ko kashe shi aka yi. Ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, in ya sake, gwamnati ta janye tallafi, sai gida.

Ya ce yana neman wanda zai yi gawa. Na ce Yaya, kwanciya ai sana'ata ce.

Ranar aka naɗe ni da farin yadi, aka ba ni wuƙar roba. Na durƙusa ina muzurai (har da gyaran murya, kamar wani sarkin yaƙi). Yaya Nura ya ce in buɗe ciki zai zana wurin rauni da alƙalamin maka. Na yaye yadin da ƙarfi.

Sai ga guru. Jar fata, layu jere a ƙuguna, wanda kakata ta ɗaura min tun a Kano. Wallahi na saba da shi har na manta yana jikina.

Wata farfesa Bamalesiya ta gyara tabarau ta tambayi mene ne wannan. Yaya Nura yana ta ƙifta min ido in ce bel ne. Bakina ya riga shi.

"Maganin ƙarfe ne, Madam. Wuƙa ba ta kama ni lah." Har da lah ɗin nan da 'yan ƙasar ke ƙarawa a ƙarshen magana.

Ɗaki ya fashe da dariya. Samurai ya zo kashe kansa da inshora. Na so ƙasa ta tsage.

Da ta share hawaye, sai ta juya kan Yaya Nura: to in ya tarar da wannan a jikin gawa, me zai ce? Mutumina ya ce wanda ya yi niyyar mutuwa zai fara cire shi, don haka shi dai kisa zai fara zargi. Ta gyaɗa kai ta ce boleh, wato ya yi.

Ya ci jarrabawa. Har yau bai gode min ba, wai na kusa sa masa hawan jini.

Abin da na koya: kafin ka tuɓe a gaban masu ilimi, ka fara tuna me kakarka ta ɗaura maka.