Hancin Yallaɓai a Jikin Mayafina

Jama'a, yau da hancin babban mutum na dawo gida. Ga shi can a jikin mayafina na fita unguwa, na rataye shi a bayan ƙofa, har yanzu bai bushe ba. Maƙwabciyata mai ɗinki, wadda ba a wuce ƙofarta sai an biya harajin labari, ta tare ni tana tambayar wane tsuntsu ne ya yi mini wannan aika-aika a kafaɗa. Na ce ta iya bakinta, wannan tabon ya fi ni da ita matsayi, har direba gare shi. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Autata mai zane ce. Sana'arta ke nan, da ita take ci take sha, da ita take sayo mini maganin gwiwa. Tsohon ɗakin ajiyarmu ta mayar wurin aiki, rabin kofunan shayina sun koma mazaunin buroshi, gidan kuwa kullum warin fenti da kananzir yake yi, har baƙi na tambaya ko gyara muke. To, kwanakin baya wani gidan masu zane a ƙasar waje ya zaɓe ta. Irin gidajen nan ne da ke gayyato masu zane daga ƙasashe daban-daban, su ba mutum ɗakin kwana, da ɗakin aiki mai ƙatuwar taga, da abinci, da kuɗin jirgi, har da ɗan guzuri, ya zauna wasu watanni ba a neman komai a wurinsa sai ya yi zane. Da na faɗa wa mai ɗinki, sai ta ajiye almakashi ta ce ita dai shawararta ɗaya, in yarinyar ta dawo a duba a ga ko ƙodarta biyu suna nan.

Abu ɗaya mutanen suka nema: takarda daga ofishin da aka ɗora wa kula da masu fasaha a nan gida, mai shaida cewa lallai Auta mai zane ce kuma an san da ita. In takardar ba ta isa ba kafin wata ya ƙare, gurbin ya koma hannun na bayanta a layi. Bayin Allah, su a can sun ɗauka ofishin masu zane ya san masu zane.

Na raka ta, don ni ba na barin 'yata ta shiga ofis ita kaɗai, kada ta tsufa a can ban sani ba. Ofishin kam ya haɗu. Kafet mai nutsar da ƙafa, sanyi kamar cikin firij, motoci a jere a waje suna sheƙi. Na duba bango ko zan ga aikin wani mai zane, ko ɗaya babu, sai hotunan shugabannin da suka shuɗe, kowanne ya dafa littafin da bai buɗe ba. Sakatare ya karɓe mu, mutum mai ladabi, mai murya ƙasa-ƙasa kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Auta ta nuna masa ayyukanta a waya. Ya leƙa, ya ce waɗannan ai 'yan kasuwa ne da bishiyoyi, kowa ma zai iya. Al'adar ofis ita ce Yallaɓai ba ya sa hannu a kan ji-ta-ji-ta. Yaya za a yi ya shaida mutum mai zane ne alhali bai ga an zana shi ba?

Shugaban lokacin, mu kira shi Yallaɓai Mai Tabarau, ba shi da sukunin zama a zana shi, saboda hidimar al'umma ta yi masa yawa. Sai ya aiko da hotonsa na zamanin da ƙiba ba ta cinye masa wuya ba, tare da umarni: a rage tumbi, a ƙara haske a goshi, a sa littafi a hannu. Auta ta duƙufa. A nan ne na koyi halin fentin mai. Ba ya son gaggawa ko kaɗan. In ka shafa, sai ka bar shi ya sha iska kwana da kwanaki kafin ka ɗora wani a kai, in ba haka ba na ƙasa ya riƙe danshi, na sama ya zauna a kansa kamar mai jiran mota. Muka jira ya bushe, muka ɗauka muka kai. Tun daga bakin ƙofa na ga wata mota daban a inuwar da ake ajiye ta shugaba. Ashe an ɗaga Mai Tabarau zuwa wani ofishi mai kula da kifi. An kawo Yallaɓai Mai Gashin Baki, shi ma kuma ba ya sa hannu a kan ji-ta-ji-ta.

Idon Auta ya kawo ruwa. Ta ce kafin ta shimfiɗa sabon yadi ta zana mutum tun daga takalmi, wata ya yi nisa. Sakatare ya dube mu da tausayi, ya rage murya.

"Mama, me na wahala? Jikin ai na ofis ne. Kai kawai ake canzawa."

Ya ce mu duba bango mu gani. Na duba, wallahi gaskiyarsa. Kujera ɗaya, tumbi ɗaya, littafi ɗaya. Na daɗe a duniya ban ji wanda ya bayyana mini yadda ake mulki a taƙaice kamar bawan Allahn nan ba.

Auta ta shafe kan Mai Tabarau ta ɗora na Mai Gashin Baki. Kafin ya bushe, Yallaɓai ya tafi taro ƙasar waje. Kun san taron mene ne? Taron yadda za a taimaki masu zane su riƙa fita ƙasar waje. Ya tafi da mataimakinsa, da mai riƙe masa jaka, da mai riƙe wa mai jakar waya, kuma ina da labarin ba a bar direba a baya ba, ko da yake ba a tafi da motar ba. Mai zane kam ko ɗaya babu a tawagar, kuma daidai ne, don in an tafi da su wa za a dawo a taimaka wa? Allah ya saka da alheri. Ya dawo da ƙwarewa mai yawa, ya tarar an ba wani kujerarsa.

Na ukun shi ne Yallaɓai Mai Hanci. Ba zagi ba ne, baiwa ce Allah ya yi masa, tana riga shi shiga ɗaki. Lokacin nan wata ya zo gargara. Auta ta ɗora kai na uku a kan na biyu da bai gama shan iska ba, tana yi tana cewa, "Inna, wannan ba zai bushe ba." Muka kunna masa fanka, aka ɗauke wuta. Na zauna ina yi masa fifita da murfin tukunya, ni da ko mahaifin yarana ban yi wa wannan gatan ba. Mai ɗinki ta leƙo ta ce in ya farka in roƙa mata kwangilar labule.

Yau ce ranar ƙarshe. Muka tari tasi, muka ɗora Yallaɓai a cinya, Auta ta riƙe katakon ta baya, fuskar tana kallona. Direba ya ce mu yi haƙuri zai ɗan tsaya shan mai, yanzun nan. Kun san yanzun nan na layin mai. Muna ciki rana ta tashi daga wannan kafaɗa ta koma waccan. Da ƙyar muka kusa kaiwa bakin famfo, sai ga jiniya. Jerin motocin wani babba ne, irin waɗanda Allah bai halicce su don layi ba, suka kutso ta gabanmu. Direba ya taka birki da ƙarfinsa, Yallaɓai Mai Hanci ya taho gaba ɗaya ya kife a kafaɗata. Tun rasuwar mahaifin yaran nan babu namijin da ya matso ni haka.

Da muka ɗaga shi, hanci ya zauna a mayafina. A inda yake a da, rabin gashin bakin na biyu ya leƙo, ta sama kuma gefen tabarau na farko ya fito yana kallonmu. Shugabanni uku a fuska ɗaya, ba mai hanci a cikinsu. Auta ba ta yi kuka ba, shi ne ma ya fi tayar mini da hankali. Ta ce mu koma gida, wataƙila ba rabonta ba ne. Na ce ban yi fifita da murfin tukunya don in koma gida ba.

Sakatare na ganin hoton ya dafa bango. Kafin ya ɓoye mu, ƙofa ta buɗe, Yallaɓai ya fito rakiyar baƙi, har da masu ɗaukar hoto. Ya tsaya. Ya dubi zanen, ya shafa fuskarsa kamar mai tabbatar da kayansa na nan, sannan ya tambaya ina hancinsa. Na ja gefen mayafi na rufe tabon kafaɗa, na ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, ai irin wannan zanen ake yayi a can waje, saboda shi ma suka kira ta. Mu da ba mu taɓa fita ba ne yake ba mu mamaki. Wanda ya saba shiga jirgi kamarka ya sha ganinsa."

Baƙi suka zuba masa ido, masu hoto suka ɗaga na'ura. Ku faɗa mini, wane babban mutum ne zai yarda a gaban baƙi cewa akwai abin da ake yi a ƙasar waje bai sani ba? Yallaɓai ya ja da baya, ya karkata kai, ya ce tabbas, ya ga irinsa a manyan zauruka ba sau ɗaya ba, gwada mu yake yi. Ya shiga yi wa baƙi bayani. Tabarau hangen nesa ne. Gashin baki dattako ne. Rashin hanci kuwa alama ce ta shugaban da ba ya hura wa talaka hanci. Aka tafa. Wani baƙo ya ce shi tun shigowarsa ya lura da zurfin aikin. Sakatare ya matso kunnena ya ce wannan ne hoto mafi amfani da ofis ya taɓa samu, don ko wa aka kawo ba sai an sauke shi ba.

Aka kawo takarda. Sa hannun da ya ci mana wata guda, ban gama gyara zaman mayafina ba an yi shi. Sannan Yallaɓai ya tsayar da Auta a gefensa, ya sanar wa masu hoto cewa ofishinsa ne ya gano wannan yarinya tun ba ta san kanta ba, ya raine ta, ya nema mata gurbi a waje. Ya ƙara da albishir cewa shi da kansa zai jagoranci tawaga su riga ta zuwa, su duba ko tagar ɗakin ta kai girman da aka ce.

A kan matakala Auta ta ɗauki takardar a waya ta tura. Ba mu kai bakin titi ba amsa ta dawo: gurbi nata ne. Nan ta zauna a kan dakalin masu gadi ta yi kukan da ta riƙe tun cikin tasi, ni kuma na juya baya ina neman wani abu a jakata wanda ban ajiye ba.

Saboda haka kada in ƙara jin wani ya ce ofisoshinmu ba sa tallafa wa masu fasaha. A wata guda sun koya wa 'yata zana kai uku a wuya ɗaya, abin da ba na jin gidan can na waje zai iya koya mata.

Mai ɗinki ta aiko mini da sabulu ɗazu, na mayar mata. Kayan hukuma ne, ba na wanke shi ba da izini ba. Kuma na ji ƙishin-ƙishin an ga wata sabuwar mota tana zagaya inuwar nan ta ofis. In sabon Yallaɓai ya zo ya ga hotonsa ba hanci, yana nan a bayan ƙofata, ya aiko a karɓa. Sai dai ya haɗo da takardar shaida cewa lallai shi shugaba ne, don ni ma yanzu na daina ba da kaya a kan ji-ta-ji-ta.