Ranar da na kira sunan ɗan farina

Ba za ni taɓa mantawa da bikin nan na garin Isa ba, ko da na so, don taubashiyata Hajo ba za ta bari ba.

Shekarun fari ne. Gero ya ƙone tun bai yi kai ba, ɗan farina ya bar ƙauyenmu Kurawa ya tafi ci-rani kudu. Ya dawo gab da damina, ba abin kirki a hannunsa sai wata kalma ta Turawa: sori. Ka yi tuntuɓe, sori. Ya taka ka, sori. Akuyarmu ta mutu, sori. Zai ratsa mutane, sori. Har gidan rasuwa ya kai ta.

Na ce, "Kai, yaron nan, muna da sannu, muna da gafara, muna da Allah ya jiƙan rai. Mi ya talauta ka haka?" (Sunansa kam ban taɓa faɗa ba. Wace uwa ce mai kunya za ta kama sunan ɗan fari? Ni ce ma mai hararar matan da suka yi.)

Damina ta sake ƙi, ya sake ɗaura kaya. A bakin ƙofa ya ce, "Inna, sori." Na ci gaba da tankaɗe, ban ɗago ba. Tun daga nan ko saƙon baki ba mu samu ba.

To, ana bikin ɗiyar ƙanwata, tsakar gida cike da mata, surukai na zaune. Sai na ji daga bayana ana ratsowa: "Sori, sori." Na saki ƙwaryar fura, na ƙwala kiran sunan nan na yanka (kada ku jira in maimaita shi), na cafke rigar mutum.

Ya juyo. Ɗan dako ne da buhu a kai, har da furfura a gemu.

Masu daka suka tsaya. Hajo ta ce, "Ashe wanga baki naki ya san sunan? Mu mun ɗauka mantawa kika yi."

Bawan Allah ya dubi furar da ta zube, ya dube ni, ya ce, "Sori, Inna."

Wannan karon na amsa. Na ce, "Yauwa, sannu."

Har yau Hajo in ta gan ni sai ta tambayi lafiyar ɗana mai gemu. Nawa kuwa shiru. Abin da na koya bai da yawa: in mai tafiya ya ce miki wani abu a bakin ƙofa, ki ajiye rariya ki amsa, ko da Turanci ya faɗa.